Safiyar da Wuta Ta Ɗauke a Tungar Rimaye

Har yau ban iya mantawa da safiyar wata Alhamis ta cikin marka ba, lokacin ina kula da tashar sola ta Tungar Rimaye, can bakin tafki a ƙasar Ngaski. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake fara rage wuta tun ranar farko da gari ya lulluɓe, alhali batir na cike. Na ji wasunku ma na cewa tsoro ne irin na tsufa. To bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, sai ku yi hukunci da kanku.

Ga wanda bai san aikinmu ba, tasha irin wannan ba ta haɗe da babban layin wuta na ƙasa. Abin da muke da shi faifan sola ne jere a fili bayan gari, da ɗakin batir, da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda ake amfani da ita a gida, sai janareto mai shan gas na ko-ta-kwana. Da rana faifan ke ciyar da gari, rarar kuma ta shiga batir. In rana ta faɗi, batir ke riƙe gari har safiya. Wahalar aikin ita ce rana ba ta zuwa daidai kullum. Girgije ɗaya in ya gifta sai ka ga wuta ta faɗi, in ya wuce ta tashi. Kai da ke zaune gaban allo, aikinka ka daidaita abin da ke shigowa da abin da gari ke sha.

Layuka huɗu ne ke fita daga tashar. Akwai na ƙaramin asibitin garin, da na famfon burtsatse, da na kasuwa, da na gidaje. A layin kasuwa ne injin casar shinkafa yake, da masu walda, da ɗakin sanyi na ƙungiyar mata masu sayar da kifi. In wuta ta yi ƙaranci, ƙa'ida ta ce a fara kashe gidaje, sannan kasuwa, sannan famfo. Asibiti ba a taɓa shi. Ni mai kula da tasha ina da ikon kashe gidaje da kaina, amma layin kasuwa sai da izinin injiniyar shiyya. A lokacin Injiniya Rahila ce, tana zaune a ofishinmu na Yelwa, tana ganin duk abin da tashoshinmu ke ciki a kwamfutarta. Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata ku riƙe: in batir ya sauka zuwa wani ƙa'idajjen mataki, inbata kan kashe kanta don kada batir ya lalace, kuma ba ta sake tashi sai rana ta ɗan cika shi.

Ruwan ya fara ne ranar Litinin, cikin watan Agusta. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne da farko, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, sama ta yi fari-fari kamar toka. Mun saba da haka. Na kunna janareto yana taimaka wa batir, na rage wa gidaje awoyin wuta. Hasashen yanayi da ake turo mana ya nuna gari zai washe ranar Laraba. Na tambayi Sarkin Ruwa, dattijon da ke shugabantar masunta, shi ma ya dubi gabas ya ce bai ga alamar za ta wuce Laraba ba. Saboda haka muka bar ɗakin sanyi yana aiki, ko da yake da kashewa da kunnawa. Makon da ya wuce an yi kamu mai kyau, ɗakin cike yake da giwan ruwa da karfasa da ragon ruwa, ana jiran motar 'yan kasuwa daga Yelwa.

Ranar Talata ruwan ya ƙara ƙarfi, iska ta taso daga tafki. Kafin wayewar garin Laraba, rafin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya cinye kwalbatin. Motar da ke kawo mana gas ta zo har bakin rafin ta juya. Motar kifi ma haka. Kafin azahar janaretonmu ya shanye abin da ya rage a tanki, ya yi tari ya mutu. Batir a lokacin bai kai rabi ba, kuma batiran sun kwana biyu, ba sa riƙe wuta kamar da.

A wannan hantsin ne aka kawo Dije. Matar wani makiyayi ce mai suna Ja'e, daga wata ruga da ke bayan gonakin shinkafa, inda ko turken wuta ɗaya ba mu kafa ba. A kan amalanke ya jawo ta cikin ruwa, an lulluɓe ta da leda, da jaririyarta da ba ta yi arba'in ba. Malam Yohana, jami'in lafiyar da ke riƙe da asibitin, ya aiko a kira ni. Na same ta a jingine da filo, tana jan numfashi da ƙyar, an sa mata robar hanci daga na'urar da ke tace iskar oksijin.

Malam Yohana ya ja ni baranda ya ce, "Malam Sa'idu, sanyi ya kama mata huhu duka biyu. Na fara mata allura, amma magani na son lokaci. In na'urar nan ta tsaya, ban ga yadda za ta kai ba."

Na ce, "Ba a kai ta Yelwa ta ruwa?"

Ya ce ya riga ya aika wa Sarkin Ruwa. Igiyar ruwa ta yi yawa, babu direban jirgin da zai fita. Ko da an samu mai fita, tafiyar ta fi ƙarfinta ba tare da na'urar ba. Tukunyar iska ta ajiya kuma babu komai a cikinta, an aika da ita cikowa, tana can ƙetaren rafi.

Na koma tasha na kira Injiniya Rahila. Ta shiga duba allonta, ina jin ƙarar ruwa a kan kwanon ofishinta kamar yadda nake jin nawa.

Ta ce, "In ɗakin sanyi ya ci gaba da sha, ba za ku kai tsakar dare ba. In muka kashe komai, har famfo, muka bar asibiti kaɗai, wataƙila ku kai safiya. Wataƙila na ce, Malam Sa'idu. Batiran nan ban amince da abin da suke nunawa ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kifin matan nan fa? Abin da suka mallaka ke nan."

Ta ce, "Na sani. Na ba da izini, sunana za a rubuta. Amma kada su ji labari daga bakin firiza. Je ka gaya musu da kanka kafin ka taɓa makunni."

Shugabar ƙungiyar matan ita ce Inna Kulu, dattijuwa ce gajeriya mai kaifin harshe, wadda tun tana budurwa take sana'ar kifi. Ita ta yi ta zarya har aka kawo ɗakin sanyin garin. Na same su a rumfarsu, su da yawa, sun takure saboda feshin ruwa. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Kafin in rufe baki rumfar ta kaure.

Wata ta ce, "Mai wuta, mi kake hwaɗi? Kihin da munka tara sati guda?"

Wata ta ce, "Ko sunanta ba mu sani ba. Mutanen ga ko wuta ba su sha, mu ka sha, mu ka biya."

Ban ga laifinsu ba. Akwai wadda kifin da ke ciki shi ne kayan ɗakin ɗiyarta, akwai wadda mijinta ke kwance. Na tsaya ruwa na zuba a wuyana. Izini na hannuna, ba sai sun yarda ba, su ma sun sani.

Inna Kulu ta bari hayaniyar ta lafa. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "Mu tahi in gan ta."

Muka taka cikin taɓo har asibiti. Ta shiga, ta tsaya a kan Dije ta daɗe tana kallonta. Jaririyar na kuka a hannun uban, ya rasa yadda zai riƙe ta. Inna Kulu ta karɓe ta, ta kwance zanenta na sama ta goya ta. Sannan ta juyo gare ni.

"Sa'idu, tahi ka kashe. Ni ka yi musu magana."

Na kashe layin gidaje da na kasuwa, na kashe famfo. Garin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa. Da la'asar matan suka fito da kifin da ya fara saki, suka hura wutar banda a rumfuna, amma itacen duk a jiƙe yake. Hayaƙi kawai yake yi mai yaji, yana kwanciya ƙasa-ƙasa. Ina wucewa ina ganinsu suna fifita da murafan kwano, idanunsu jawur. Wasu sun amsa gaisuwata, wasu sun kau da kai.

Ni kuma na shiga neman ƙaramin janareto mai shan fetur, tunda fetur akwai shi wajen masu jirage. A nan na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Tun da muka kawo sola, kusan kowa ya sayar da nasa. Mai aski ya sayar, mai cajin waya ya sayar. Da ƙyar muka samu guda a gidan kallon ƙwallo, an jefa shi bayan ɗaki, kaji na kwana a kai. Na kai wa Ɗanladi, makanikin da ke gyaran injin jirage. Ya buɗe shi ya girgiza kai, ya ce tsatsa ta ci cikinsa, amma zai gwada. Har magariba bai tashi ba.

A tasha na kwana. Na kashe har ƙwan ɗakina da fankar ɗakin batir. Da na fito sallar asuba wuta na nan, na yi hamdala, na ce saura kaɗan gari ya waye, ko hasken cikin hadari ne zai ɗan taimaka. Ina dawowa daga masallaci, tun daga ƙofa na ji ƙarar inbata ta canza. Ta yi ƙara sau biyu ta mutu.

Na kira Injiniya Rahila. Bugu ɗaya ta ɗauka, da alama ita ma ba ta runtsa ba.

Na ce, "Ta kashe kanta."

Ta ce, "Na gani. Saurara. Za mu sauke iyakar da aka sa mata, ta ƙara tatsar batir. Yin haka na iya kashe batiran gaba ɗaya, kuma ba a yarda mana ba. Ni na ce ka yi. Shiga wajen saiti, zan gaya maka abin da za ka danna."

Na bi abin da take faɗa. Inbata ta tashi. Na leƙa ta taga na hango ƙwan barandar asibiti ya kama. Na tsaya ina kallon sama, ina roƙon Allah ya yaye ko gefe ɗaya. Maimakon haka sai wani baƙin hadari ya taso daga tafki, gari ya koma kamar magariba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Faifanmu duk faɗinsu ba su kawo abin da zai kunna rediyo ba. Ba a jima ba inbata ta sake mutuwa, wannan karon ko allon bai nuna komai ba.

Na ruga wajen Ɗanladi. Ashe shi ma bai kwanta ba, ya wanke kaburetan ya mayar. Muka ɗauki janareton mu biyu zuwa barandar asibiti. Ya ja igiya, ya ja, ya ja, har tafin hannunsa ya fashe. Na karɓa na ja. Can ya yi tari ya kama. Muka jona na'urar, ta kunna, muka ji tana huci. Ja'e da ke tsugune a bakin ƙofa ya ɗaga hannu sama. Amma wutar janareton ba ta tsaya daidai ba, tana hawa tana sauka, sai na'urar ta yi kuka ta tsaya. Mu sake kunnawa, ta yi aiki kaɗan, ta sake tsayawa. Ɗanladi ya durƙusa cikin ruwa ya riƙe maƙogwaron injin da yatsa don ya daidaita shi. Haka muka yi ta yi, ban san tsawon lokacin ba.

Ina durƙushe kusa da shi na ji an dafa kafaɗata. Malam Yohana ne. Ya miƙa hannu ya zare wayar daga jikin janareton. Daga ciki na ji muryar Inna Kulu tana salati.

Da hantsi ne Dije ta cika. Ban taɓa jin muryarta ba, ko sau ɗaya.

Ɗanladi ya kashe injin, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai. Ja'e bai yi kuka ba. Ya miƙe ya zo ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Kun wahala. Allah shi biya." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Tunda babu hanyar komawa ruga da gawa, liman ya ce a yi mata sutura a garin. Matan kifi ne suka yi mata wanka, har da wadda ta ce ko sunanta ba su sani ba. Na gan ta da idona ta fito daga gidanta da turmin farin yadi a ƙarƙashin mayafi. Surukar Inna Kulu, wadda ke goyo a lokacin, ita ta fara shayar da jaririyar.

Muna cikin haƙa kabari ruwan ya ɗauke. Kafin a gama sallar gawa hadarin ya tsage daga yamma, rana ta fito, irin ranar nan ta bayan ruwa mai cizo. Muna tsaye a maƙabarta gumi na zuba, tururi na tashi daga ƙasa. Daga inda muke ana hango faifan tasha suna walƙiya har suna kashe ido.

Bayan an watse Ja'e ya tsaya kusa da ni yana kallon wajen. Ya ce, "Mai wuta, yanzu wutar ta dawo?"

Na ce ta dawo.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Da yawa?"

Na ce, "Da yawa."

 Ya saɓa sandarsa ya bi bayan jama'a.

Da na koma tasha na tarar inbata ta tashi da kanta. Na mayar da layuka ɗaya bayan ɗaya, asibiti, famfo, kasuwa, gidaje. Kafin la'asar batiran sun ɗauki iya abin da za su iya ɗauka, wanda bai taka kara ya karya ba tunda mun raunata su da safe, na'urar cajin batir ta fara rage abin da take karɓa daga faifai don babu inda za a zuba shi. Na zauna gaban allo ina kallon wutar da za ta iya riƙe na'urar asibiti kwana da kwanaki tana tafiya a banza. Na kira Injiniya Rahila don in ba ta rahoto kamar yadda aka saba. Na ce mata matar ta rasu. Na ji tana jan hanci, ta ce in bari sai gobe.

Da aka buɗe ɗakin sanyi da yammacin ranar, mafi yawan kifin ya juya. Dama tun Litinin bai samu sanyi sosai ba. Abin da aka sa a banda kuma hayaƙin ɗanyen itace bai busar da shi ba. Samari suka haƙa rami bayan kasuwa aka zuba. Na je na tsaya tare da su, don ban ga ya dace in ɓuya a tasha ba. Inna Kulu na gefe da jaririyar a bayanta, tana kallon ana juye kwanduna. Na matsa na ce, "Inna, ku yi haƙuri. Ga kifi ya tafi, ga matar ba ta tashi ba."

Ta dube ni ta ce, "To da mi kake so mu yi? Mu ci kihi ita tana shaƙewa? Bar zancen ga, Sa'idu."

Wasu daga cikin matan ba su koma sana'ar ba sai da kaka ta yi. Biyu ba su koma ba sam. Injiniya Rahila ta amsa tambayoyi a babban ofis kan batiran da suka lalace, ba ta taɓa ambata sunana ba. Ita ce kuma ta dage har aka ware wa asibitin nasa batir da nasa faifai, waɗanda ba su haɗu da na gari ba, aka kuma sa dokar cewa kafin Agusta ta kama kowace tasha ta bakin ruwa ta tanadi gas na ajiya. Ja'e ya bar jaririyar a gidan Inna Kulu har aka yaye ta, sannan danginsa suka zo suka ɗauke ta da za su tashi. Na ji an ce sun yi wajen Shanga. Ban sake ganinsu ba.

Na sha juya abin a raina, ban samu wanda zan ɗora wa laifi ba. Hasashe ya ce Laraba, masana ruwa sun ce Laraba, kowa ya yi abin da ƙa'ida ta ce. Abin da na koya shi ne a aikin nan, ranar da kake da wuta ce ranar yanke shawara. In ka bari sai batir ya yi ƙasa, zaɓin da ya rage maka duk masu ciwo ne. Shi ya sa nake rage wuta tun ranar farko, in sha zagi a kasuwa, in rana ta fito washegari a yi mini dariya. Na yarda da wannan.

Na kuma koyi cewa mutanen da muke ba wuta sun fi yadda muke zato. A ofis muna kiransu kwastomomi, muna tsoron fushinsu, muna ɓoye musu gaskiyar abin da ke cikin batir. Ku daina. In za ku kashe wa mutum layi, ku taka ku je ku same shi, ku gaya masa saboda wa za a kashe. Zai yi faɗa, yana da haƙƙin yin faɗa. Amma na ga matan da aka zubar da guminsu a rami, washegari suka dafa abincin zaman makoki na baƙuwar da ba su taɓa gani ba, suka aiko mini da nawa kwanon har tasha. Ban iya cin abincin ba, na dai zauna da shi a gabana har ya huce.